Ƙanwar mijina ta watsa hotunanmu na ranar suna, yaya zan yi?

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Tudun Jukun, Zariya, 'ya'yana uku. Watan jiya aka yi sunan ƙaramin. Ƙanwar maigidana da ke karatu a jami'a a Kongo, nan Zariya, ita ta yi ta ɗaukar hotuna da bidiyo tun safe, har cikin ɗakina lokacin da ake min kwalliya, ko ɗankwali ban ɗaura ba. Bayan kwana biyu wata ƙawata ta Kaduna ta turo min, ashe ta ɗora su a TikTok da Facebook. A ciki har da hoton babbar 'yata mai shekara 8 da kayan makaranta a ƙofar gida, ga sunanta a rubuce. Satin da ya wuce yarinyar ta dawo ta ce wani mutum da ba ta sani ba ya kira ta da sunanta a hanya, ya ce ya ga hotonta. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ban gaya wa maigidan ba, don Hajiyarsu tana ji da yarinyar nan, auta ce, ina tsoron a ce na shiga tsakanin 'yan'uwa. Ni ma, gaskiya, nakan sa yaran a sitatus. Me zan yi?

Maman Yara, Tudun Jukun

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Barka da arziki. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duk biyun hankalina wuri ɗaya ya tsaya: inda kika ce ba ki gaya wa maigidan ba. Wannan ki gyara shi yau, kafin ku kwanta. Maganar ɗankwali za ta iya kwana ta wuni. Maganar baƙon da ya tare yarinya 'yar shekara 8 a hanya ya kira sunanta ba ta kwana. Mai yiwuwa maƙwabci ne, ko abokin wani a dangi da ya ga hoton ya yi mata wasa ba da wata manufa ba, kuma ina roƙon Allah Ya sa haka ne. Amma mu da muke zaune a wannan yanki mun ga abin da ya sami 'ya'yan mutane a 'yan shekarun nan, ba mu da dalilin zama a kan mai yiwuwa. Uban yarinya yana da haƙƙin ya sani. In ya ji daga wani bakin daga baya, ba ƙanwarsa zai fara tuhuma ba, ke zai tambaya me ya sa kika yi shiru.

Yadda za ki faɗa masa shi ne abin lura. Kada sunan ƙanwarsa ya zama abin da zai fara fitowa daga bakinki, don da zarar ya ji haka kunnensa zai ɗauka ƙara kika kawo. Ki fara da yarinyar. Ki ce, "Baban yara, ga abin da 'yarka ta dawo da shi ranar kaza, kuma hankalina bai kwanta ba." Sai ya tambayi inda mutumin ya ga hoton, ki miƙa masa wayar ya gani da idonsa. Daga nan ku yanke abin da za a yi gobe da safe: wani babba ya riƙa raka ta makaranta yana ɗauko ta na wasu makonni, a sami shugaban makarantar da malamar ajinsu a ba su sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke ta, duk wanda ya zo in ba su ba ne, a kira ku tukuna. Ita kuma yarinyar ki zaunar da ita cikin raha, kuna tsifa ko kuna gyaran wake, ki tambaye ta a ina ne, da ƙafa yake ko a kan babur, ya taɓa yi mata magana kafin ranar. Kada ki tsorata ta. Ki koya mata abu ɗaya, ki maimaita har ya zauna: sanin sunanki ba ya nufin mutum ya san Mama da Baba. Ki kuma yaba mata da ta zo ta faɗa miki, don yaran da ake yi wa faɗa in sun kawo irin wannan labarin, gobe ɓoyewa suke yi.

Yanzu ki buɗe hoton nan na ƙofar gida. Ki cire idon uwa, ki kalle shi da idon wanda bai san ku ba kuma yana so ya same ku. Ke fuskar 'yarki kike gani da murmushinta. Shi kuwa zai sa yatsu biyu ya ƙara girman hoton. Zai ga bajon da ke ƙirjin hijabinta, ga sunan makaranta a jiki. Launin kayan ma ya isa, don duk ɗan Zariya ya san wace makaranta ce ke sa wane launi. Zai ga fentin ƙofarku, da lambar da aka rubuta a bango. In akwai allon tela ko na mai cajin waya a gefe, to ga sunan shago da lambar waya an ba shi kyauta. In motar maigidan ta fito a kusurwa, ga lambar mota. Kayan makarantar sun gaya masa cewa ƙarfe bakwai da wani abu tana fita, azahar tana dawowa. Sunan kuma ƙanwar mijinki ta rubuta masa da hannunta. Abin da mutum zai yi kwanaki yana zagaye unguwa yana tambaya, har a gane shi a tsargu da shi, hoto ɗaya ya haɗa masa yana kwance a ɗakinsa.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Kusan kowace wayar zamani tana liƙa wa hoto wasu bayanai a ɓoye: ranar da aka ɗauka, ƙarfe nawa, wace irin waya, in kuma an bar kyamara tana amfani da taswira, har daidai wurin da mutum yake tsaye. Facebook da Instagram suna cire wannan daga hoton da jama'a ke gani. WhatsApp ma yana cirewa in an tura hoto yadda aka saba. Amma in aka tura shi a matsayin dokumen, kamar yadda 'yan zamani ke yi don kada hoton ya dushe, ko aka tura ta imel, to da duk kayan cikinsa yake tafiya. Ki shiga saitin kyamararki ki kashe inda aka ba ta izinin sanin wurin da kike. Aikin minti ɗaya ne, kuma ba ya rage wa hoto kyau ko kaɗan.

Sai ƙanwar mijin naki. Ban ga mugunta a abin da ta yi ba, ƙuruciya na gani da ɗokin ɗan yayanta. A wurin sa'o'inta, abin farin cikin da ba a ɗora ba kamar bai faru ba ne. Amma rashin mugun nufi bai wanke ta ba. Ta shiga ɗakinki, ta ɗauke ki a halin da ba za ki yarda ƙanin mijinki ma ya gan ki ba, ta nuna wa duniya ba ta tambaye ki ba. Kina da gaskiya da kika ji ciwo, kada wani ya ce miki kin cika ƙorafi.

Ki tuna yadda iyayenmu suka gina gidajen cikin birni. Je ki Kwarbai ko Ƙofar Doka ki shiga tsohon gida: zaure ne farko, baƙo namiji nan yake tsayawa. Sai fili, sai shigifa, wadda sai na jiki yake wucewa, kafin a kai cikin gida inda mata ke sakewa. Ƙofofin ma ba a jera su a layi ɗaya ba, don kada wanda ke waje ya hango ciki. Ba su karanta dokar kare sirri ba, amma sun gina ta da ƙasa da azara. Kuma sun san ayar nan ta 27 a Suratun Nur, wadda ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama. Abin da wayar ƙanwar mijinki ta yi shi ne ta ɗauko mutanen da ko zaure ba su isa su shiga ba, ta zaunar da su a bakin gadonki. In kika faɗa mata da wannan siffar za ta fi ganewa fiye da ki ce mata ta ci mutuncinki.

Ke za ki fara yi mata magana, ba yayanta ba, in dai ya yarda ya ba ki kwana ɗaya. Tsakanin matar wa da ƙanwar miji akwai wasa, ki shiga ta wannan ƙofar. Kada ki yi ta waya, kada ki yi a guruf na dangi, kada ki yi gaban Hajiya ko ƙawayenta. Ki kira ta ki ce ɗanta yana nemanta, ki dafa abin da take so. In ta ci ta sake, ki ce: "Auta, hotunan nan sun yi kyau, kin iya ɗauka. Amma akwai abin da ya faru da 'yarki da nake so ki ji daga bakina." Ki ba ta labarin mutumin. Na yi imani jikinta zai yi sanyi, don tana son yarinyar. A nan sai ki ce ku goge tare, yanzu, kina zaune kusa da ita. Kada ki karɓi "zan goge in na koma hostel", ba don ƙarya za ta yi ba, sai don in ta koma ta ga yawan waɗanda suka yaba bidiyon, hannunta zai yi nauyi. Na ɗakinki kuma ki faɗa mata kai tsaye, ba tare da dogon wa'azi ba: "Wannan ban yarda kowa ya gani ba, ki cire shi daga shafin, ki cire shi daga wayar." Ki tuna mata ta duba kwandon shara na wayar, don hoton da aka goge yakan zauna can kusan wata guda ko fiye kafin ya tafi, ta kuma duba Google Photos ko iCloud in wayarta tana ajiya a can.

In ta ce ai kowa yana yi, ki ba ta wannan labarin. Mark Zuckerberg, mai kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ɗora hoton iyalinsa a Instagram a watan Yulin 2023, kuma ya rufe fuskokin manyan 'ya'yansa mata biyu da 'yan zanen nan na dariya. Mai kasuwar kansa bai baza fuskar 'ya'yansa a cikinta ba. A Faransa kuma, a 2024, sai da aka yi doka da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton 'ya'yansu. Mu da muke da zaure tun kaka da kakanni bai kamata a riga mu gane wannan ba.

Ba zan ɓoye miki ba, gogewa ba ta dawo da abin da ya riga ya fita. Magana zarar bunu ce, hoto ya fi ta. Ƙawarki ta Kaduna tana da kwafi, wasu ma sun sauke, don TikTok yana barin a sauke bidiyo in mai shi bai kashe wannan damar ba, wanda bai sauke ba kuma ya iya ɗaukar sikirinshot. Duk da haka ki goge. Yawancin masu kallo wucewa suke yi, in tushen ya tafi yaɗuwar takan mutu. Ki roƙi ƙawar taki da duk wanda kika san yana da shi su goge nasu. In kika ga wani shafi ya sake ɗorawa, ki yi rahotonsa ta cikin manhajar. Facebook yana karɓar buƙatar iyaye ta cire hoton yaron da bai kai shekara 13 ba, TikTok ma yana da hanyar kai ƙorafin keta sirri. Bayan makonni ki sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, ki ga ko ya ɓulla wani wuri, don akwai masu ɗaukar hoton yaro ko na mace su buɗe shafin bogi, ko su ce marar lafiya ne a taimaka da kuɗi.

Game da doka, kada ki yi wa ƙanwar mijinki barazana da ita, gida za ki rusa. Amma ki san tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya haƙƙin sirrin kansa da na gidansa. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta fi shafar kamfanoni da makarantu da masu sana'a, kuma ta ce sai da yardar iyaye ake amfani da bayanan yaro. In kuwa, Allah Ya kiyaye, wani ya turo miki hoton nan na ɗaki yana neman kuɗi ko yana barazanar watsawa, wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Kada ki biya ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya dawowa yake yi. Kada ki goge saƙon. Ki adana lambar da hoton hirar, ki gaya wa maigidan, ku je wurin 'yan sanda.

Na ji daɗi da kika faɗi naki laifin ba a tambaye ki ba, kuma wannan ne zai ba maganarki nauyi a wurin Auta, don za ki iya ce mata ke ma kin daina. Mata da yawa suna ɗauka sitatus cikin gida ne. To ki buɗe jerin lambobin wayarki ki karanta. Duk wanda kika adana lambarsa shi ma ya adana taki yana ganin sitatus ɗinki: mai gyaran famfo, mai kawo ruwa, direban Keke Napep da ya taɓa kai ki asibiti, matar da kika sayi atamfa wurinta a kasuwar Sabon Gari shekara uku da suka wuce. Awa 24 sitatus yake yi ya ɓace, amma sikirinshot daƙiƙa ɗaya yake ɗauka. Ki shiga saitin WhatsApp, sashen da ke da alamar kwaɗon kulle ƙofa, ki zaɓi mutanen da za su riƙa ganin sitatus ɗinki da hannunki, ko da goma ne. A nan kuma za ki taƙaita masu ganin hoton da ke kan lambarki. Ni da za ki ji tawa, fuskar yaro ba za ta zauna a wurin ba sam. Ki kuma sa lambobin sirri guda 6 na ƙarin tsaro, don masu sace WhatsApp ɗin mutane da hotunan da ke ciki suke yaudarar dangi.

Guruf na dangi ma ki yi hattara da shi. Guruf ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma a yawancin wayoyi duk hoton da aka turo yana sauka kai tsaye cikin ma'ajiyar hotuna. Wata rana na kai wayata gyara wajen PZ, nan Zariya, ina zaune a benci ina jira, sai na ga yaron shagon da wayar wata baiwar Allah a hannunsa, ya gama sa mata gilashi, yana ta jan hotunanta da babban yatsa, abokinsa na leƙe ta kafaɗarsa. Hotunan biki ne, mata cikin ɗaki, wasu ba mayafi. Matar da ta bar wayar ba ta san ana yi ba, balle matan da ke cikin hoton, waɗanda ƙila ko sanin shagon ba su yi ba. Na yi masa magana ya kife wayar yana sosa ƙeya. Tun ranar ba na barin wayata a buɗe wurin gyara, in kuma dole ne sai an buɗe, ina tsaye ake yi. Hoton da kika tura wa mutum hamsin, wayoyi hamsin ne za su lalace, a sayar, a sace, ko a ba yaro ya yi wasa.

In Hajiya ko 'yan'uwa na nesa suna son ganin jinjiri, ki tura musu ɗaya ɗaya. Akwai ɗan da'irar nan mai lamba 1 a ciki da ke fitowa in za ki tura hoto a WhatsApp, in kin taɓa shi sau ɗaya kawai za a buɗe hoton ya tafi, kuma manhajar tana hana sikirinshot. Yana da amfani, sai dai ba ya hana mutum ɗaukar wata wayar ya ɗauki hoton daga fuskar tasa wayar. Don haka hoton da ba za ki iya jure ganinsa a hannun baƙo ba, kada ma a ɗauke shi.

Wannan ya kawo ni kan masu kwalliya da masu lalle da masu hoton biki, waɗanda na fi jin haushinsu fiye da Auta, don su manya ne kuma kuɗi ake biyansu. An mai da shi al'ada: a gama yi wa amarya ko mai jego kwalliya, a juya fuskarta dama da hagu a gaban fitila, kafin ta isa wurin taro tana shafin mai kwalliya ana talla da ita. Ki duba shafin wadda ta yi miki kwalliyar suna, kada ki yi mamaki in kin ga kanki. Nan gaba ki yi sharaɗi kafin ki biya kuɗin kafin alƙalami: ba ɗauka, ba ɗorawa. Wadda ta ƙi, masu sana'ar suna da yawa daga Samaru har Tudun Wada. Ranar taro kuma ki sa wata yayarki ko gwaggo mai faɗa a ji ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce waya ba ta shiga sai mai jego ta shirya. Daga bakin babba ba wanda zai ji zafi.

Saura Hajiya. Kina tsoron a ce kin shiga tsakanin 'yan'uwa, na fahimta, zama da dangin miji sai da lura. In Auta ta goge, maganar ta mutu a ɗakinki, kada ki ba kowa labari, kada ki riƙa yi mata gori. In ta ƙi, ko ta kai ƙararki, ki janye bakinki, yayanta ya ɗauka daga nan. Shi zai je wurin mahaifiyarsa, ba ke ba, ya nuna mata hoton jikarta a ƙofar gida, ya gaya mata wani ya tare ta a hanya da sunanta. Hajiya tana ji da autarta, amma ban taɓa ganin kakar da za a gaya wa haka ta ce a bar hoton ba.

Ki rubuto min bayan kun zauna da ita, ina so in ji yadda kuka ƙare. Ki shafa min kan jinjiri, ki ce wa 'yar makarantar Gwaggo tana gaishe ta, ta kuma ce ta kyauta da ta faɗa wa Mama.